Murhun Da Ba Ya Riƙe Tukunya

Ni ba mai fita ba ce. Duk wanda ya san ni a Unguwar Kanawa ya san in ba biki ko rasuwa ko asibiti ba, to ina cikin gidana, tsakanin ɗaki da madafa. Bokona aji huɗu ne na firamare, sai Islamiyya da na koma bayan na tara 'ya'ya. Amma kunne dai Allah Ya ba ni. In ana magana ƙasa-ƙasa a zaure, ina bakin murhu zan gaya miki wanda ya yi da wanda aka yi da shi. Baban yara yakan ce da ni aka ɗauka aikin tsaro da tuni ƙasar nan ta zauna lafiya.

Autata, mace, ita ce ta ƙarshe da muka kai jami'a. Da ta gaya mini abin da take karantawa sai da ta maimaita sau uku ban gane ba. Ta gaji ta ce, "Umma, kin ga kujerar da kike zaune a kai? Wani ne yake fara zana irinta a takarda kafin a ƙera. To shi nake koya." Na ce wannan dai ba wanda ya zana ta, masassaƙi ne ya dubi ice ya sa gizago, kuma ta girme ki. Ta yi dariya ta ce shi ma masassaƙin da yana nan da malaminsu ne.

A shekararsu ta ƙarshe sashensu ya haɗa kai da wani kamfani mai ƙera kayan girki, can kan hanyar Zariya gaba da Rigachikun. Kamfanin ya ba makarantar injuna da ƙarfe, ya buɗe wa ɗalibai ƙofar masana'antarsa. Kowane ɗalibi zai zana abu guda. Wanda nasa ya fi burge su, za a ƙera shi a kai kasuwa, a kuma ɗauki mai shi aiki. Mutum ɗaya tak. Ranar da ta zo da labarin nan ban yi barcin rana ba. Yayyenta maza biyu sun gama tun tuni, takardunsu na cikin akwatina a leda, ɗaya yana tuƙa keke mai ƙafa uku ɗaya yana zaman shagon wani. Ita kuwa tun tana aji biyu take cewa ba za ta ajiye tata takardar kusa da tasu ba.

Murhun gawayi ta zaɓa. Sai ga ni na zama littafi. Wata guda cur, duk la'asar, tana tsugune gefena da tef irin na tela. Ta auna gindin tukunya, ta auna daga ƙasa zuwa gwiwata, ta auna muciya. Na ce, "Ke, likafani za ki ɗinka mini ne?" Ta ce in dai ci gaba da aikina, in manta da ita.

Baki goma sha biyu nake ciyarwa a lokacin, kuma gidanmu in ba a ci tuwo da dare ba to ba a ci abinci ba. Wanda bai taɓa tuƙa tuwon mutum goma sha biyu ba yana ganin girki ne. Kokawa ce. Talge ba wani abu ba ne, gari ne ka dama da ruwan sanyi ka zuba a tafasasshen ruwa, yaro ma ya juya shi. Sai ya dahu ka fara barbaɗa gari kana tuƙawa, a nan ne abin yake kama jiki, muciya ta yi nauyi, ka sa hannu biyu ka jawo da kafaɗa da ƙugu. A lokacin nan tukunya so take ta biyo ka.

Wata rana ina tsakiyar tuƙi ta ce, "Umma, tsaya haka, kar ki motsa. Dubi ƙafarki."

Na duba. Ashe tafin ƙafata na dama yana danne da ƙafar kurfotina, tsohon murhun gawayin da nake girki a kai, na tokare shi. Shekara talatin da wani abu ina yin haka ban taɓa sani ba. Har wani ɗan kanta ne a gefen babban yatsana, na ɗauka na takalmi ne. Ta kama ƙafar tawa tana kallo kamar ta tsinci zinariya. Wallahi ranar na ji wani irin daɗi, wai yau abin da nake yi ya zama abin rubutawa.

Ta zana nata, ta kai wa wani maƙeri a Kurmin Mashi ya buga mata na gwaji. Gajere ne, mai faɗin gindi, bakinsa a lotse yadda tukunya za ta nutse ciki kusan rabi. A ƙasa ta fito da wani ɗan falle na ƙarfe kamar harshe, wurin ɗora ƙafa. Kyau kam babu, kamar kunkuru ya yi zaune. Amma ranar da na tuƙa a kansa sai na ji kamar wani ya riƙe mini tukunyar. Na gama ban yi nishi ba. Gawayin ma rabin na kullum ya ci. Har maƙwabciyata na kira ta katanga ta zo ta gwada, ta ce in an fara sayarwa ita ce ta farko.

Sai aka ce malaminsu zai zo da manajan kamfanin su ga murhun a inda ake amfani da shi. Na share gida har bayan randa. Na jiƙa zoɓo, na tankaɗe gari na ajiye, don a tunanina tuwo za su ce in tuƙa.

Malamin mutumin kirki ne a fuska, siriri, mai sanyin murya, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Manajan kuwa a tsaye ya ce, "Sannu Mama," idonsa na kan wayarsa. Ƙamshin turarensa ya riga shi shiga madafa. Suka sa auta ta auna gawayi a sikeli, ta zuba ruwa a tukunya, suka danna agogo. Muka zauna muna kallon ruwa, mu huɗu manya. Da ya tafasa suka rubuta. Suka auna gawayin da ya rage suka rubuta. Shi ke nan suka fara kakkaɓe riga.

Na ce, "Malam, ga gari nan na tankaɗe. Ku ɗan jira in tuƙa ku ga inda aikin yake."

Manajan ya ce, "A'a Mama, kar ki wahalar da kanki. Wuta dai wuta ce. In ya tafasa ruwa zai dafa komai."

Na ce, "Yallaɓai, a gidanka wa yake tuƙa tuwo?"

Ya yi dariya ya ce shi shinkafa ya fi so. Malamin ma ya yi 'yar dariya, irin ta rakiya.

Da suka fita auta ta koma ɗauko musu zanen da ta manta a ɗaki, su kuma suka tsaya a zaure. Ina kwashe kofuna ina jin su, Hausa da Turanci a gauraye, amma abin da na kama ya ishe ni. Manajan ya ce faɗin ya yi yawa, guda nawa za su shiga mota? Ya ce wancan harshen na ƙasa zai huda kwali. Ya ce matar zamani a tsaye take girki, ba wadda za ta sayi abin da zai tuna mata da ƙauye. Malamin ya ce, a hankali, yarinyar fa ta yi bincike, dalili ne ya sa ta yi shi haka. Manajan ya ce ya sani, yarinyar tana da kai, ita ce ma a gaba a wurinsu, gyara kaɗan ne injiniyoyinsa za su yi. Sannan ya tambayi malamin ko injin waldan da suka aika wa sashen yana aiki lafiya. Malamin ya ce lafiya lau, sun gode. Daga nan ban ƙara jin bakinsa ba.

Bayan sati uku auta ta shigo da gyara kaɗan ɗin a kwali. Dogo ne har cinyata, siriri a tsakiya kamar kalangu, an shafe shi da jan fenti mai ƙyalli. Samansa a shafe, sai 'yan ƙusoshi uku da tukunya za ta ɗare a kai. Wurin ɗora ƙafa babu. Yaran gida suka kewaye shi suna ta shafawa. Gaskiya ya yi kyau, ko a falo ka ajiye shi ba wanda zai ce komai.

Ta ce, "Umma, gwada." Muryarta ta riga ta san amsa.

Na gwada. A zaune ya fi ƙarfina, a tsaye sai na sunkuya. Talge ya tafi lafiya. Na barbaɗa gari na farko, na biyu, a na uku na ja muciya sai tukunya da murhu da garwashi suka taho gaba ɗaya kamar an kira su. Allah ne Ya sa na yi tsalle baya, abin da rabona da yi tun ina budurwa. Duk da haka wani gutsure ya manne mini a ƙauri, tabon yana nan har yau. Daren nan garin kwaki aka sha a gidan.

Washegari auta ta je ta gaya wa malamin. Ta dawo ta ce ya jajanta, ya ce a gaishe ni, ya ce ta rubuta shi a shafin ƙarshe na rahotonta a cikin abubuwan da za a duba nan gaba. Na ce nan gaba yaushe, bayan ya ƙone mata nawa? Can ta ce akwai wata magana kuma. Ranar baje kolin ayyukan ɗalibai, a harabar kamfanin, a gaban manyan baƙi, ana so a ga uwa ta gaske tana girki a kan murhun. Manajan ya ce wa ya fi dacewa da uwar mai zanen. A ranar ne kuma za a faɗi wanda aka ɗauka.

Duk maganar nan tana yi ne tana kallon farcenta.

Na ce, "So kike in je in ƙone a gaban jama'a?"

Ta ce, "Sun ce ba sai kin tuƙa ba."

Na kai wa baban yara maganar ina tsammanin zai hana, tunda shi ba mai son in fita ba ne. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Ki dubi yayyenta." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Na je. An kafa rumfuna, an jera fararen kujeru, lasifika tana ta ƙara. Ayyukan yara a jere a kan tebura, wasu kam sun burge ni. Akwai wata kujera da wani yaro ya zana, na gaji da tsayuwa na nufe ta, wani ma'aikaci ya rugo ya ce a'a Mama, ta kallo ce.

Wata yarinya daga kamfanin ta ja ni bayan rumfa ta ɗaura mini wani ƙyalle a gaba mai tambarinsu. Ta karɓe muciyata da na zo da ita a buhu, ta ce ta yi baƙi, ba za ta fito a hoto ba. Ta ba ni wata sabuwa fil, gajera, mara nauyi, da ko kunu ba zan dama da ita ba. Sannan ta ɗaga rigar teburin ta nuna mini kula babba. Tuwo ne malmala-malmala a leda, da miyar kuka, daga wani gidan abinci. Ta ce in an gama jawabi shi za a raba wa baƙi. A kan teburin kuma an ajiye ƙwarya sabuwa cike da gari, an tsara shi ya yi tsini, don ado.

Manajan ya zo ya sunkuyo kusa da kunnena. "Mama, juyawa kawai, a hankali. In ya fara kauri ki ƙara ruwa. Garin nan kar ki taɓa shi. Ki riƙa murmushi."

Haka na tsaya, mace da jikoki, ina juya talge kusan awa guda. Ya dahu, na ƙara ruwa, ya sake dahuwa, na sake ƙarawa. A kan dandamali kuma ana ta jawabi. Wani babba daga jami'a ya ce zamanin da ilimi yake kulle a aji ya wuce, yau ga makaranta da masana'anta sun riƙe hannun juna. Manajan ya hau ya ce su ba a ofis suka zauna suka zana murhun nan ba, gida-gida suka bi, suka zauna a madafa, suka saurari iyayenmu mata. Ya nuno ni da hannu. Aka yi tafi. Ni kuma ina murmushi. Masu hoto sai walƙiya suke yi mini a ido.

Da aka sauko zagayen rumfuna, a cikin manyan baƙin akwai wata dattijuwa, ga alama babbar ma'aikaciya ce da ta yi ritaya, da farin gilashi da sanda. Sauran suna kallon fenti, ita tukunya take kallo. Hannunta na gani na san ta yi aikin gida kafin ta yi na ofis.

Ta ce, "Baiwar Allah, talgen nan ai tun muna zaune ya dahu. Zuba gari mana mu gani."

Na ji malamin ya yi wani ɗan tari da ba na mura ba. Na ji takalmin manajan ya matso taku ɗaya. Ƙwaryar garin tana nan dab da hannuna na hagu. Tafin gari uku kawai zan zuba, in ja muciya sau ɗaya in matsa gefe, kowa ya ga abin da na gani a gidana. Wallahi hannuna har ya ɗaga.

Sai na hango auta a bayan malamin. Ta rungume rahotonta a ƙirji da hannu biyu, ta sa sabon hijabin da ta guga tun jiya. Ba ta girgiza mini kai ba, ba ta yi mini alamar komai ba. Kallona kawai take yi, leɓenta ya bushe.

Na sauke hannuna. Na ce, "Hajiya, ai an riga an tuƙa tun da safe, kar a tsai da manya. Ga shi nan a kula."

Ta ce, "A kan wannan kika tuƙa shi?"

Na ce, "A kansa."

Ban yi in-ina ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya fito sumul kamar na saba.

Ta dube ni, ta dubi murhun tun daga sama har siririn ƙugunsa, ta dubi ƙafafuna da ba su da inda za su taka. Aka miƙo mata faranti ta ce ta gode, tana azumi. Da za ta wuce ta ce, can ƙasa yadda ba wanda ya ji sai ni, "Allah Ya rufa mana asiri, 'yar'uwa." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Aka raba tuwon gidan abinci, manya suna ci da cokali suna cewa lallai murhu ya yi. Kafin la'asar aka kira sunan autata a lasifika. Ta hau, aka ba ta takardar ɗaukar aiki a cikin ambulan, malamin yana ta tafi har da ɗaga hannu sama. Na nemi muciyata a bayan rumfa na same ta a jingine da kwandon shara.

A keke muka dawo, ni da ita. A wajen gadar Kawo ne ta ce, "Umma, in na shiga ciki zan gyara shi." Na ce Allah Ya sa. A gida an yi murna, baban yara ya sa aka yanka kaji biyu, yayyenta suka ɗaga ta sama tana ihu su sauke ta. Ni ma na yi murna, kar in ƙara wata ƙaryar a kan ta farko. Amma naman bai wuce mini ba.

Yanzu shekararta ɗaya da wani abu a wurin. Sau biyu tana kai maganar gyaran, sau biyu ana ce mata sai an sayar da waɗanda aka riga aka buga. Murhun yana kasuwa. A jikin kowane kwali akwai hotona, da ƙyallen kamfani a gaba, da 'yar muciyar wasa a hannu, haƙorana duk a waje.

Kwanakin baya wata mata daga layin bayanmu ta shigo, tana haɗa wa 'yarta kayan ɗaki. Da safe ne, auta na zaune a bakin ƙofa tana ɗaura takalmi, motar ma'aikata ta kusa zuwa. Matar ta ce, "Maman yara, ashe haka kika zama 'yar fim ba mu sani ba! Na gan ki a kwali. Shi ne na ce bari in ji daga bakinki kafin in saya wa amarya."

Na buɗe baki, auta ta riga ni. Ba ta ɗago daga takalmin ba ta ce, "Inna, in shayi ne da taliya, ba laifi. Kar dai ta tuƙa tuwo a kai."

Matar ta dube ta, ta dube ni. Ta ce, "To ke da kike ciki kina dariya fa?"

Na ce, "Ke ma kin haifa."

Motar ta yi hon a bakin layi. Auta ta miƙe ta ce, "Umma, sai na dawo." Na ce Allah Ya tsare, Ya ba da sa'a, kuma har zuciyata na faɗa.

Matar dai ta saya. Ta ce jan fentin ya dace da labulen amarya. Ranar kai kaya na ja amaryar gefe na ɗage zanena na nuna mata ƙaurina, na ce in mijinta ya ce tuwo yake so, ta aiko a ɗauki tsohon kurfotina.